Kayan Tirela a Cikin Buhu

Ba a daɗe da sallame Juma'a ba waya ta shigo komisariya, ofishin 'yan sanda: wani saurayi ya faɗo daga bene a Zongo, ya mutu nan take. Wanda ya bugo wayar har ya riga ya gama nasa binciken, don ya ƙara da cewa yaron kashe kansa ya yi.

Sufeto Tidjani ya rufe kwanon shinkafarsa ya miƙe. Ɗan Zongo ne gaba da baya, kakansa fataucin goro ya kawo shi Kwatano ya zauna. Ya san halin unguwarsu sarai. Kafin ɗan sanda ya ɗaure igiyar takalminsa, an gama shari'a a teburin mai shayi.

Benen hawa biyu ne. Ƙasa shagunan waya da na turare, sama kuma ofishin wani ƙaramin kamfani mai suna Madugu, masu rubuta manhajar waya. Gawar tana tsakar gidan baya, an rufe ta da zane. Sunansa Safwan, ɗaya daga cikin ma'aikatan kamfanin.

Tidjani ya kori mutane baya, ya tsuguna ya yaye zanen. Hannun rigar yaron a naɗe yake har gwiwar hannu. Ƙafarsa ta dama fes, har tsakanin yatsu. Ta hagu kuwa buɗu-buɗu da ƙasar titi.

Ya buɗe tafin hannun mamacin a hankali. Wani ɗan ƙyalle ne a dunƙule, shadda koriya da aikin zare ruwan gwal. Ya sa shi a ambulan ba tare da kowa ya lura ba, ya hau sama.

A barandar baya akwai 'yar kujerar tsuguno da takalman Safwan. Shacin ruwa ya bazu a siminti har jikin ƙofa, alamar buta ta kife. Amma ga butar can a tsaye jikin bango, murfinta a rufe tsaf.

Da ya sauko, dattawa suka yi masa caa. A ba su gawa kafin magariba.

"Sai likita ya duba shi," in ji Tidjani.

Limamin unguwa ya ja shi gefe, murya ƙasa-ƙasa. "Sufeto, gara ka ji daga bakina. In ta tabbata shi ya kashe kansa, ba zan shige gaba a sallarsa ba. Wasu su yi, ban hana ba. Amma ni dai a'a."

"Wa ya ce maka shi ya kashe kansa, Malam?"

"Haka ake faɗa. An ce aiki ya gagare shi, kuma yau ne za a nuna wa jama'a."

Tidjani ya ɗaga kai ya dubi barandar. Abin da yake tunani shi ne, bai taɓa jin wanda ya wanke ƙafa ɗaya ya ajiye buta ya rufe, sannan ya yi tsalle ba.

Gidan su Safwan yana bayan masallaci. Uwarsa, Hajiya Saude, mai sayar da atamfa a kasuwar Dantokpa, tana zaune a bakin gado. Ba ta kuka. Da a ce tana yi, da Tidjani ya fi samun sauƙin kallonta.

"Tidjani ɗan Malam Abdussamad," ta ce, "na goya ka, ka sani."

"Na sani, Inna."

"Ba zan ce ka dawo mini da shi ba, ba ka da iko. Shi kaɗai Allah ya bar mini, ya kuma karɓi abinsa. Amma matan da ke zaune a tsakar gidan nan, ina jin abin da suke raɗa. Wai ɗana ya mutu kafirin mutuwa. Wai liman ba zai tsaya a kansa ba. Yaron da ko zazzabi yake sai ya rarrafa masallaci." Ta ɗago ta dube shi. "In shi ya yi, ka zo ka faɗa mini da bakinka, in haƙura. In ba shi ba ne, kada ka bari a binne shi da wannan sunan."

A kan gadon, kusa da ita, akwai riga a goge a ninke. Shadda koriya, aikin zare ruwan gwal a wuya da aljihu.

"Wannan fa, Inna?"

"Anko ne. Alhaji Inoussa, shugaban direbobin manyan motoci, shi ya ɗinka wa mazan ofishinsu da manyan ƙungiyarsa, saboda bikin buɗe aikin yau. Ni na goge masa da asuba. Ya ƙi sawa. Ya ce, Inna, ba abin da za a buɗe."

Tidjani ya ɗaga rigar ya juya ta gaba da baya. Lafiyarta ƙalau, ko zare bai tashi ba.

Ya koma ofishin Madugu. Ɗaki ɗaya ne mai faɗi, tebura huɗu, kwamfutoci, da bango guda da aka manne da ƙananan takardu masu launi. Mai kamfanin, Muntasir, yana tsaye da farar shat, gumi ya jiƙa masa baya.

"Wane aiki kuke yi wa Alhaji Inoussa?"

"Manhajar layi ce, Sufeto. Direbobin da ke kai kaya Nijar suna bin layi kafin a ba su lodi. Kullum rigima, wannan ya ce an tsallake shi, wancan ya ce an sayar da layinsa. Muka ce kowa ya ga matsayinsa a wayarsa."

"Ku nawa ne?"

"Huɗu. Ni, Safwan, Ni'ima, da Karimou. Mu uku muke rubutu. Karimou shi ke zuwa wajen Alhaji ya dawo mana da magana."

"Kai ba ka zuwa?"

"Alhaji ba ya son taro. Ya ce ɗan gida ɗaya ya ishe shi. Karimou a hannunsa ya tashi."

Tidjani ya ɗauki wasu katuna daga kan tebur. An zana musu hotuna da biro: leda, buhu, amalanke, tirela.

"Caca kuke yi a nan?"

Muntasir ya yi murmushin dole. "Da su muke auna aiki. Kafin mu yi wa mutum debi, wato mu faɗa masa tsawon lokaci da abin da zai kashe, sai mu zauna. A faɗi aikin, kowa ya zaɓi kati ya kife, a buɗe tare, don kada ƙarami ya kwaikwayi babba. Leda aikin yini ne. Buhu kamar wata biyu. Tirela kuwa rabin shekara ko fiye."

"Wannan aikin me kuka ce?"

"Buhu. Safwan da kansa buhu ya ɗaga. Da lokaci ya ƙure ya kasa, abin ya dame shi. Allah ya jiƙansa."

"Kana ina lokacin Juma'a?"

"Masallaci mana."

"Ina taka koriyar rigar?"

Muntasir ya dubi ƙirjinsa kamar yanzu ya lura. "Zafi ya yi yawa, na cire."

Ni'ima tana can lungu, ta kifa kai a kan tebur. Tidjani ya sallami Muntasir ya jawo kujera kusa da ita. Da ta ɗago, idanunta sun kaɗa, amma fushi ya fi hawaye yawa a ciki.

"Ƙarya yake yi," ta ce. "Wallahi ƙarya yake yi. Ranar da muka auna aikin nan, katuna huɗu aka buɗe, duka tirela. Har nasa."

"To ta yaya tirela ta koma buhu?"

"Karimou ya je wajen Alhaji ya dawo. Ya ce Alhaji ya ce layi kawai yake so. Biyan kuɗi ta waya, bin sawun mota a hanya, takardun kan iyaka, duk a bar su. Muka cire su daga bango. Abin da ya rage buhu ne, gaskiya, muka yarda."

"Sai me ya hana ku gamawa?"

Ta nuna bangon da haɓa. "Ka ga jajayen takardun can? Duk waɗanda muka cire ne. Ɗaya bayan ɗaya suka dawo. Yau Karimou ya shigo ya ce, Alhaji ya ce a ɗan ƙara wannan, ƙarami ne. Bayan sati ya kawo wani. Ranar gamawa kuwa ba ta motsa ba. Duk mai wuya Safwan ake bai wa, don ya fi mu hannu. Da fatoron, mai gidan namu Muntasir, ya ga mun makara sai ya ɗauko ɗalibai daga jami'a wai su taimaka. Safwan ya bar aikinsa ya koma koya musu inda komai yake. Muka ƙara makara. Aka kore su, aka ce laifin Safwan ne."

"Ke kina ina da azahar?"

"Gida. In maza za su tafi masallaci nakan je in ci abinci. Na bar Safwan shi kaɗai, bai daɗe da shigowa ba. Na dai ga ransa a ɓace yake."

Tidjani ya fito ya sami Muntasir a matakala. Tidjani ya shiga aikin ɗan sanda ne daidai lokacin da ƙasa ta koma dimokuraɗiyya, kuma manyan da suka koya masa aiki da mari suke bincike. Yanzu zamani ya juya, mai gabatar da ƙara hujja yake so. Amma akwai ranakun da tafin hannunsa ke ƙaiƙayi, yau tana ciki.

"Malam Muntasir, zan sake tambayarka, kuma daga wannan sai a komisariya. Wane kati Safwan ya ɗaga, kuma kana ina da azahar?"

Muntasir ya zauna a kan matakalar. "Tirela ya ɗaga. Na ga ya riga ya tafi, ba abin da zai ƙara samunsa, mu kuwa kamfani zai mutu. Shi ya sa."

"Sunansa kuma fa? Uwarsa fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban je masallaci ba. Ina unguwar Gbégamey, wajen wani yaro da nake so ya maye gurbin Safwan. Ka je ka tambaya, tare muka ci abinci da shi da babansa."

Koriyar rigar Muntasir tana rataye a bayan mota, cikin ledar mai guga. Tidjani ya duba ta. Ba ta yage ba. Ya tura ɗan sanda Gbégamey, maganar ta tabbata.

Karimou yana ƙofar gidan makoki. Shi ke jera benci, shi ke rarraba ruwa, shi ke tarbar baƙi. Dogo ne, mai fara'a, irin samarin da tsofaffi ke cewa ina ma nasu ne. Kaftani shuɗi ne a jikinsa.

"An ce kai ne amininsa."

"Tun makarantar allo, Sufeto." Hawaye ya zubo masa, na gaske kuwa. "Kwanan nan ba ya barci. Ya ce mini gara mutuwa da kunyar da zai sha gaban direbobi. Na ɗauka magana ce kawai."

"Ka faɗa wa wani haka?"

"Liman ya tambaye ni, na faɗa masa. Ba zan yi wa malami ƙarya ba."

"Alhaji ne ya ce a rage aikin?"

"Shi ne. Daga baya kuma ya riƙa ƙari. Ka san manya."

"Yaushe rabonka da Safwan?"

"Jiya da yamma. Yau tun hantsi ina tare da Alhaji, tare muka yi Juma'a."

"Ba ka sa ankon ba."

"Tela bai gama tawa ba."

Tidjani ya gode masa ya wuce. Magariba ta yi ba a binne kowa ba, kuma duk Zongo ta san wanda ya hana. Ko mai goron da ya saba saye a wajensa amsa sallamarsa ya yi ciki-ciki.

Washegari da hantsi likita ya bugo. Akwai kwanciyar jini a damtsen mamacin, shacin yatsu, an riƙe shi da ƙarfi kafin ya faɗi. Tidjani ya hau zemijan, babur ɗin haya, ya nufi tashar manyan motoci.

Tashar a hargitse take. Direbobi sun yi cincirindo, kowa na rantsuwa shi ne a gaba. Alhaji Inoussa yana cikin rumfa a kan kujerar roba, ƙato, da carbi a hannu ɗaya, waya a ɗayan.

"Ka gani ko, Sufeto? Mutanen da ke riƙe mini layi tun tuni na sallame su, don an ce jiya waya za ta karɓi aikin. Yau ba su, ba waya."

"Alhaji, me da me ka ce a yi maka?"

"Komai mana. Layi, biyan kuɗi, bin mota har Malanville bakin iyakar Nijar, takardun kan iyaka."

"Ba ka ce a rage ba?"

"In rage me? Ni da nake biya?"

"Da Karimou ya zo maka da debi, wata nawa ya ce?"

Alhaji ya gyara zama, har da ɗan murmushin wanda ya tuna cinikin da ya ci. "Ya ce shida. Na ce biyu. Ya ce Baba ba zai yiwu ba, sai dai biyar. Na ce kai, ɗan Mansir, ni na yanka ragon sunanka, ni za ka faɗa wa ba zai yiwu ba? Ya sauko huɗu. Na miƙe kamar zan tafi. Ya ce ya sallama. Muka yi musabaha, aka shafa fatiha gaban mutane."

"Alhaji, ba farashin atamfa ya faɗa maka ba. Tsawon aikin ya faɗa maka."

"To ai komai ana tayawa. Wa ke sayen abu a kuɗin farko? Na san ya ɗora nasa a sama."

Tidjani ya dube shi. Mutumin bai ga laifinsa ba ko kaɗan, kuma abin takaicin shi ne da zuciya ɗaya yake magana. Shekara arba'in yana ciniki, bai taɓa gamuwa da lambar da ba ta da rangwame ba.

"Ka san Safwan?"

Murmushin ya gushe. "Jiya na fara ganinsa. Da safe ya zo nan, ya ce yana so ya ga da idonsa yadda direbobi ke bin layi. Na ji daɗi, na ba shi kujera. Na ce to yaro, nuna mini inda ake biyan kuɗin. Ya ce ai an ce ka fasa wannan. Na ce wa ya fasa? Ya yi ta tambayata, wannan fa, wancan fa. Na ce duk tun ranar farko nake jiransu. Sai ya miƙe ya ce bayan Juma'a zai kawo mini mai gidansu, mu zauna ido da ido."

"Sai ka yi me?"

"Na kira Karimou mana. Yana can bayan rumfa yana shirya kujerun biki. Na ce me yaron nan yake faɗa? Ya ce kada in damu, gajiya ce ke damunsa, zai je ya same shi."

"Me ke jikin Karimou lokacin?"

"Ankonmu. Ta yi masa kyau ma."

"Tare kuka yi Juma'a?"

"Kullum shi ke riƙe mini darduma. Jiya dai sai da aka tayar da salla na hango shi can baya. Kuma ya canza riga." Carbin ya tsaya a hannunsa. "Sufeto, me kake nufi?"

"Wane tela ya ɗinka muku?"

Shagon telan yana unguwar Missèbo, a wani lungu tsakanin dilolin gwanjo. Tsoho ne, tabarau a kan hanci.

"Ankon Alhaji? Tun Laraba kowa ya karɓi tasa. Karimou ne ma ya dawo da tasa jiya, wai ƙusa ta kama masa aljihu. Ya ce in nemi ragowar ƙyalle in sake masa, kada Alhaji ya ji haushi. Ban ko taɓa ta ba."

Ya jawo ta daga ƙarƙashin keke. Aljihun ƙirji ya yage, rabinsa babu. Tidjani ya buɗe ambulan ya ɗora ƙyallen a gurbin. Zaren gwal ɗin ya haɗu, fure ya cika.

Bayan azahar ya tara su a ofishin Madugu. Alhaji Inoussa ya hau benen yana haki, ya zauna. Muntasir ya gaishe shi a ɗarare. Wata biyu ɗaya yana yi wa ɗaya aiki, yau ne suka fara zama ɗaki guda.

Karimou ya shigo a ƙarshe. Da ya gan su tare, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Shigo ka zauna," in ji Tidjani. "Alhaji, ka taɓa cewa a rage aiki?"

"Ban taɓa ba."

"Malam Muntasir, ka taɓa yarda za a yi aikin duka a wata biyu?"

"Ko a mafarki."

"Karimou, ga mai aiki, ga masu yi. Wanne ne yake ƙarya?"

"Rashin fahimta ne, Sufeto. Zan yi bayani."

"Ka ce mini tela bai gama rigarka ba."

"Eh, ai..."

Tidjani ya zazzage ledar da ya shigo da ita a kan tebur. Rigar ta baje a kan katunan. Ya ɗora ƙyallen a gefenta.

"Wannan a hannun Safwan na ciro shi. Sai da na ɓamɓare yatsunsa."

Ni'ima ta toshe baki. Alhaji ya shiga salati. Karimou ya daɗe yana kallon rigar, sannan ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da bangon takardun.

"Ban je don in kashe shi ba," ya ce. "Wallahi roƙonsa na je yi."

"Fara daga farko."

"Baba ya taya, na kasa ce masa a'a. Gaban mutane ne. Tunda nake ban taɓa musa masa ba. Da na fito na rasa yadda zan yi in dawo nan in ce na sayar da wata huɗu da ba nawa ba. Sai na ce musu an rage aikin. Na ce in sun gama layin, zan riƙa shigo da sauran kaɗan-kaɗan, Safwan yana da sauri, ƙila Allah ya sa a kai. In Baba ya tambaya, in ce Safwan ne ke jan ƙafa. In fatoron ya tambaya, in ce Baba ne ke ƙari."

"Ka san ba za a kai ba."

"Na sani tun sati na uku. Kullum in ce gobe zan faɗa."

"Jiya fa?"

"Na same shi a baranda yana alwala. Na durƙusa masa, Sufeto, da rigar nan a jikina. Na ce ya ba ni sati ɗaya in san yadda zan yi. Ya ce Karimou, wata biyu ina kwana a kan kujera, ana kirana malalaci, ashe kai ne. Ya ce ba zai tona ni a bainar jama'a ba, amma sai Baba da fatoron sun ji yau. Ya ci gaba da alwalarsa kamar ba na wurin. Na kama hannunsa na ɗaga shi, na ce ka dube ni in ina magana. Ya fizge. Na tura shi." Ya dubi ƙyallen. "Katangar gajeriya ce. Ya kamo aljihuna, aljihun ya bi shi."



"Wannan na ji," in ji Tidjani. "Fushi ne, shaiɗan ne, alƙali zai auna. Abin da nake so ka faɗa mini shi ne na bayansa. Ka ɗaga buta ka rufe. Ka je ka canza riga. Ka yi salla. Sannan ka je ka ce wa liman abokinka ya kashe kansa. Wannan ba a cikin fushi ka yi shi ba."

Karimou bai ɗago ba. "In shi ya kashe kansa, ba wanda zai tambayi dalilin makara. An riga an san dalili."

Alhaji Inoussa ya miƙe. "Don me ba ka ce mini ba zai yiwu ba, ɗan nan?"

"Na faɗa, Baba. Sau uku na faɗa."

Alhaji ya koma ya zauna, ya zama tsoho a lokaci guda.

Aka sa wa Karimou ankwa, aka sauko da shi ta matakalar baya, aka sa shi a bayan motar 'yan sanda. Tidjani ya ce wa direba su biya ta bayan masallaci tukuna.

Liman yana zaune cikin masu zaman makoki. Tidjani ya tsaya a gabansa, ya ɗaga murya yadda har na ƙarshen benci zai ji.

"Malam, Safwan bai kashe kansa ba. Alwala yake yi zai tafi Juma'a aka turo shi. Wanda ya yi ya amsa da bakinsa. Yanzu za a kawo gawa."

Liman ya cire tabarau ya share ido. "Innalillahi. Allah ya yafe mana abin da muka faɗa. Ni zan yi masa salla bayan la'asar. A sanar a lasifika."

Hajiya Saude ta ji hayaniya ta fito zaure, mata biyu na riƙe da ita. Tidjani ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ba shi ba ne. Liman zai tsaya a kansa."

Ta ɗaga hannu sama, ta yi hamdala, sai yanzu kukan ya zo mata. Ta yi mai isarta, ta goge fuska da gefen mayafi. Ba ta tambayi wanda ya yi ba tukuna, hankalinta yana kan ɗanta.

"To a yi sauri, ya daɗe a sanyi. Ku nemo mini Karimou. Na riga na faɗa wa dangin ubansa, ba wanda zai yi masa wanka sai shi. A kwano ɗaya na ciyar da su."

Ba wanda ya motsa. Tidjani ya so ya riƙe idonsa a ƙasa, amma ya kasa, ya waiwaya wajen motar. Ta bi inda ya duba.

Karimou yana zaune a baya, hannuwansa a haɗe a kan cinya, ƙarfen yana ƙyalli. Suka haɗa ido. Ya buɗe baki kamar zai ce Inna, bai ce ba.

Hajiya Saude ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya ga liman, muryarta a bushe.

"Malam, a samo wani."

Tidjani ya miƙe ya shiga gaban motar, ya ce wa direba su tafi.